Waƙoƙin da Kawu Bai Ƙarasa Ba

Samaru, Zariya
8 ga Satumba

Zuwa ga ƙanena Micah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, kuma ruwan teku bai gama wanke maka Hausa daga baki ba. Mu nan muna lafiya. Mama tana gaishe ka, ƙafar ce dai ke damunta idan hadari ya haɗu. Na kira lambarka har na gaji, sannan na tuna ka ce idan kuna kan jirgi babu sabis sai kun dawo gaɓa. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in tura maka, duk ranar da ka sauka ka gani.

Micah, mahaifinka ba shi da lafiya. Farkon watan jiya Kawu Obadiah ya faɗi a bakin ƙofar coci da jitarsa a kafaɗa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya kwanta a asibitin Shika, yanzu mun dawo da shi gidansa na Jushi. Mama ta tare can tana jinyar yayanta, ni kuma ina zuwa kullum idan an tashi daga makaranta. Magana ba ta fita. Amma yana gane mutane, kuma duk wanda ya yi sallama sai ya juya ido ya kalli ƙofa. Ba sai na faɗa maka wanda yake jira ba.

Ga wani aiki da na ɗora wa kaina. Matasan da nake koya wa waƙa a coci sun tambaye ni ko waƙoƙin Kawu nawa ne, ashe ban sani ba, kunya ta rufe ni. A ce mutum ya yi shekara hamsin yana kaɗa jita, jininsa ba su san abin da ya bari ba. Don haka na fara tattarawa ina zubawa a kwamfuta. Na samu waɗanda yaran suka riƙa ɗauka da waya a ƴan shekarun nan, murya ta tsufa amma hannun yana nan. Na samu faya-fayen sidi da ya yi a Kaduna. Sai kuma kwali guda na kaset-kaset ɗin waƙoƙin yabo a ƙarƙashin gadonsa, duk da rubutun hannunsa a jiki. Na ari tsohuwar rakoda a wurin mai gyaran rediyo ina bin su ɗaya ɗaya.

Na zamanin Sabon Gari ne ban gani ba, lokacin da yake wasa a otal-otal da gidajen biki, mahaifiyarka Anti Jemimah tana yi masa amshi. Ko ka san inda suke? Kai ka tashi a ɗakin.

Ka zo gida, Micah. Shekaru sun yi yawa.

Yayarka,
Lydia

Fatakwal
27 ga Satumba

Yaya Lydia,

Na gode da gaisuwa. Jiya muka sauka na ga takardarki. Har yanzu rubutunki irin na kan allo ne, ina karantawa ina jiran ki ba ni maki. Lafiyata ƙalau. Ki gaishe da mamarki Gwaggo Cindo, Allah ya saka mata. Shi kuma Allah ya ba shi sauƙi.

Kada ki wahalar da kanki neman na Sabon Gari. Ba za ki same su ba, a gabana aka kashe su.

Kin san ɗan ramin nan na saman kaset, wanda idan an ɓalle shi ba a iya ɗaukar wani abu a kai. Ina yaro, ina zaune a tabarma, sai ya ɗauko kaset ya yanko salatif ya liƙe ramin, ya sa a rakoda, ya danna jan madannin, ya ɗauki jita ya fara waƙar yabo. Haka ya bi su shekara da shekaru. Ni a ganina wasa ne, har miƙa masa salatif nake yi. Sai da na girma Gwaggo ta gaya mini abin da ke cikinsu tun asali. Kwalin nan da kike tattalawa, shi ne kabarin muryar uwata.

Ina da shekara biyu motarsu ta kife a hanyar Funtuwa suna dawowa daga wasa, ita ta rasu. Fuskarta a hoto ɗaya na san ta. Muryarta kuwa tana cikin ɗakinmu, ta ma shiga hannuna, ya shafe ta don ya wanke kansa a gaban Allah. Bai taɓa tunanin akwai yaro da zai so ya ji ba.

Sau ɗaya ya taɓa dukana. Ya leƙa waje ya bar kaset a rakoda, na kwaikwaye shi na danna jan madannin ina surutu. Ya dawo ya same ni. A garin fizge kaset ɗin ya faɗi har kusurwarsa ta fashe. Ranar na san waƙarsa ta fi ni daraja a wurinsa.

Ba na ƙinsa, Yaya. Na dai rasa abin da zan zauna in ce masa. Idan kin samu muryarta, ko ta tari ce, ki gaya mini. Na yabon ki riƙe wa ɗalibanki.

Naki,
Micah

Samaru
6 ga Oktoba

Ƙanena,

Salama. Ina fatan ka huta gajiyar ruwa. Takardarka ta sa ni kuka, amma ba ta sa na daina nema ba, ka san halina.

Ranar Asabar na shiga kasuwar Sabon Gari na nemo Oga Emenike, wanda ya riƙa buga kaset ɗinsu yana sayarwa. Yana nan a shagonsa, sai dai yanzu cajar waya da batir yake sayarwa. Kansa ya yi fari fat. Ya ce in tambaye ka ko har yanzu kana kuka idan za a yi maka aski. Ya aika aka kawo mini lemo, ya hana ni tafiya sai da ya ba ni labari kaf.

Ya ce a ɗakin bayan shagon suke ɗauka. A toshe taga da bargo, a kashe fanka, kowa na zufa, makirfo ɗaya tal a tsakiya. Ya ce suna da al'ada: Kawu ke buɗe waƙa, Anti Jemimah ke rufewa. Idan zaren ya kusa ƙarewa sai shi Emenike ya ɗaga hannu, masu ganga su yi shiru, ita kaɗai ta yi baitin sallama, jita na bin ta a hankali. Ya ce direbobi a tasha saboda wannan baitin suke saye. Bayan jana'izarta ne Kawu ya zo da buhu ya kwashe na asalin duka, har da waɗanda ke kan kanta. Emenike ya roƙe shi ya bar ko ɗaya, ya ƙi. Da ya zo nan a labarin sai ya ce mini, "Malama, ni ba ɗan garinku ba ne, amma ranar na ji kamar an sake binne ta."

Ya kwatanta mini wani tsohon tela a Palladan da ba ya zubar da kaya. Na je. Yana da kaset ɗinsu guda ɗaya, amma danshi ya manne zaren, ina taɓawa ya tsinke. Yana kuma da faifan garmaho na Kawu, na kafin aurensu, babu ita a ciki. Iyakar abin da na samu ke nan. Ka yi haƙuri.

Na gwada kunna wa Kawu na yabon a gefen gadonsa. Yana saurare lafiya lau, amma da waƙa ta ƙare na danna na kashe, sai ya riƙa bugun katifa da hannun hagu yana gurnani, hawaye na zuba. Sau uku ana haka. Na ga abin yana tayar masa da hankali, sai na kwashe kwalin na kawo Samaru.

Amma kada ka damu ƙwarai. Ya fara zama idan an sa masa filo, jiya ma da hannunsa ya sha kunu.

Yayarka,
Lydia

Fatakwal
11 ga Oktoba

Yaya Lydia,

Na samu saƙonki, na gode Allah da jikin nasa ya yi sauƙi. Ki ce wa Oga Emenike yanzu babu gashin da za a aske ma.

Da na yi niyyar kamo hanya, har na tambayi motar Zariya. Amma tunda ya fara zama yana cin abinci, kuma abin da nake nema babu shi, na karɓi wata tafiyar. Gobe jirgi zai tashi, sai wajen Kirsimeti za mu dawo. In Allah ya yarda sai in zo in yi hutun a gida, lokacin ya ƙara warwarewa.

Wani abu ya ba ni dariya da kika ce yana fushi idan waƙa ta ƙare. Ki saurara da kyau, waƙoƙin nasa ai ba sa ƙarewa. Ta ƙarshe a kowane gefe yanke ta yake yi a tsakiya. Matan zumunta sun sha yi masa tsiya cewa baitin ƙarshe ne bai iya ba. Mutumin da ya shafe mace guda don yabo, yabon ma bai ƙarasa ba.

Ki gaishe da Gwaggo.

Micah

Samaru
26 ga Oktoba

Micah,

Gaisuwa a taƙaice. Allah ya sa akwai wanda zai kai maka wannan ko a tsakiyar ruwa ne.

Na same ta.

Yau da rana ina kwafar wani kaset, sai akuyar maƙwabta ta shigo ta afka wa masarar da na shanya. Na fita da gudu na bar rakoda tana tafiya. Ka san ni da son tsari, da waƙa ta tsaya nake kashewa in juya gefe, kamar yadda kowa ke yi. Da na dawo ɗaki sai na ji wani kiɗa da ban sani ba. Jita ce, amma mai sauri, mai wasa, irin ta saurayi. Sai ganguna suka yi shiru. Sai mace ta ɗauka:

"Mai jita, ajiye jita mu je gida,
na bar yaro a hannun maƙwabta."

Sai ta yi dariya, wani namiji ya ce wani abu daga nesa, zaren ya ƙare.

Na zauna a ƙasa. Na ɗauko na biyu na tura shi gaba. Tana nan. Na uku, tana nan. Kowane gefe na kowane kaset da na gwada, waƙar yabo ta yanke, a ji ƙas, sai ita. Ka duba abin da ban lura da shi ba duk makonnin nan: a jikin ƴar tagar kowane kaset akwai ɗigon jan farce. Daidai wurin yake tsayawa. Idonsa na kan zaren yana waƙa, idan ya kai ɗigon sai ya kashe, ko yana tsakiyar baiti. Ba mantuwa ba ce, Micah. Ya shafe kansa, ya shafe masu ganga, ya bar ta.

Na hau Keke mai ƙafa uku da rakodar a cinyata har Jushi. Mama tana tankaɗe a tsakar gida, na kunna mata, tana jin muryar ta saki rariya ta ce, "Jemimah," kamar wadda aka yi wa sallama. Muka shiga wurin Kawu. Na kunna daga waƙar yabon, ta yanke, na naɗe hannuna ban taɓa komai ba. Da muryar ta fito sai ya rufe ido. Yatsunsa na hagu suka fara tafiya a kan zanen gado, suna danna wurare kamar wuyan jita ne. Zaren ya ƙare da kansa. Bai bugi katifa ba. Ya buɗe ido ya kalli ƙofa.

Ashe duk bugun nan cewa yake in bari ta zo, ni kuma na kwashe ta na kai Samaru.

Maganar kunu da na rubuta maka, na faɗa ne don kada in tsorata ka. Jikin ba daɗi. Tun shekaranjiya ruwa kaɗai ke wucewa. Na tura maka sautin a waya. Ka nemi izini, ka hau duk abin da ka samu, ka zo.

Lydia

Jushi
14 ga Nuwamba

Ƙanena Micah,

Ubangiji ya ba ka ƙarfin karanta wannan. Na ga saƙona na baya bai shiga ba har yanzu, na san kana kan ruwa. Na kira ofishinku na Fatakwal, sun ce za su yi ƙoƙari.

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi. Mama tana riƙe da hannunsa. Bai wahala ba a ƙarshe. Kwanakin nan duk rakodar na gefensa, mun kunna masa kwalin tun daga farko har ƙarshe, ba mu ƙara kashe ko ɗaya ba. Mun binne shi jiya a ƙauye, kusa da ita. Mun jira iyakar yadda za a iya.

Mutane sun zo, Micah. Ƴan coci, tsofaffin direbobi, Inyamuran Sabon Gari, Musulmin unguwa da suka zauna a waje ƙarƙashin rumfa. Ɗalibaina sun rera nasa guda biyu, sun yi ƙoƙari. A zaman makoki na nemi izinin Fasto na kunna kaset ɗaya. Da waƙar ta yanke wata daga cikin matan zumunta ta miƙa hannu za ta kashe, na riƙe mata hannu. Sai muryarta ta fito. Oga Emenike ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Wata tsohuwa da ban sani ba ta karɓi amshin daga bayan rumfa, ba ta kuskure kalma ɗaya ba.

Da yamma wani dattijon coci, cikin waɗanda suka karɓi tubansa bayan rasuwar Anti Jemimah, ya ja Mama gefe. Ya ce su abin da suka ce masa shi ne ya bar wasa a otal, ba wanda ya ce ya shafe komai. Shi ya yanke wa kansa hukuncin, don yana ganin jitarsa ce ta sa ta cikin motar nan. Na ga ya kamata ka sani.

Jitar tana rataye a ɗakin. Mama ta hana kowa taɓawa sai ka zo.

Yayarka,
Lydia

Fatakwal
19 ga Disamba

Yaya,

Yau muka sauka. Saƙon ofis bai same ni ba sai a bakin ruwa. Waya ta kawo mini takardunki biyu tare, ta ƙarshen na fara buɗewa. Sai da na binne shi a takarda sannan na karanta cewa in zo.

Ba laifinki ba ne. Kin ce ya sha kunu, ni kuma dalili nake nema na ƙin zuwa, na samu na riƙe.

Sautin yana nan a wayata, ban buɗe ba. Na sa yatsa a kai na ɗauke. Ɗakin da muke kwana mu shida ne, ana karta ana ihu. Ba a nan zan fara jin ta ba.

Tun ɗazu abu ɗaya ke yawo a kaina. Ranar da ya doke ni, ban juya kaset ɗin ba, ban tura shi ba. Yadda ya bar shi na danna. Na tuna zaren ya kusa ƙarewa, don ina kallon yadda gefe ɗaya ya tara. Ashe ba yabo yake saurare ba da ya leƙa waje. A kanta na yi surutu. Shi ya tsaya a ɗigon duk shekarun nan, ni na tsallaka.

Ki duba mini kwalin. Akwai mai fasasshiyar kusurwa. Ina so in san nawa na shafe. Ki gaya mini gaskiya, ba irin ta kunu ba.

Ki ce wa Gwaggo ta yafe mini.

Micah

Samaru
20 ga Disamba

Ƙanena,

Salama gare ka. Mama ta ji saƙonka, ta ce ba ta riƙe ka da komai ba, ta ce dai ka ci abinci.

Kaset ɗin yana nan. Ba a cikin kwalin yake ba, shi ya sa ban gan shi da wuri ba. Mama ta tsince shi a aljihun jakar jitar, a naɗe cikin hankici. An ɗaure kusurwar da salatif. Ramin saman kuma an ɓare salatif ɗinsa, yadda ba wanda zai ƙara ɗaukar komai a kai.

Ga gaskiyar. Waƙar yabo ta yanke. Ita ta ɗauka, ta yi layi ɗaya. Sai ƙas, sai muryar yaro dab da rakoda yana huci: "Ni ne Micah. Ni ne Micah Obadiah. Ina da jita babba." Sai yaron ya yi kiɗan jita da baki. Sai ƙarar ƙofa. Sai ƙas, ta dawo tana tsakiyar dariya, ta ƙarasa baitinta.

Layi biyu ka ci mata, ko uku. Amma Micah, duk cikin kaset ɗin nan babu wanda ya sha ji kamar wannan. Wurin ya suɗe, sautin yana rawa, sai ka matsa kunne. Sauran gefen garau yake kamar ba a taɓa kunnawa ba. Nan kaɗai yake mayarwa. Nan kaɗai ne a duniya ku biyu kuke wuri ɗaya kuna magana, shi kuma yana ɗauke da ku a jakar jita duk inda ya je waƙa.

Wannan ban kwafa ba, kuma ba zan tura maka a waya ba. Zaren ya yi laushi, ban san sau nawa ya rage masa ba. Na mayar da shi daidai kan ɗigon, na sa sabon batir a rakoda, na ajiye a kan kujerarsa.

Motar Zariya tana tashi da sassafe. Idan ka sauka Kwangila ka kira ni.

Yayarka,
Lydia